Jan da Malam Rabo Bai Taɓa Gani Ba

Babana, Malam Rabo, manomin rani ne a wani ƙauye na yankin Karofi, yana da lambu a bakin fadama. Ni ce ɗiyarsa ta uku, Saudatu, kuma ni kaɗai ce a gidanmu na yi nisa a karatun boko. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata da ke Dutsin-Ma. Na faɗi wannan tun da fari don a san cewa abin da aka yi wa Baba ba jahila ce ta yi masa ba.

Dogo ne siriri, ba ya son doguwar magana. In ya debi ƙasa ya murza a tafin hannu, zai gaya maka ko tana son taki ko hutu take so. In aka yi rikicin iyakar gona shi ake kira, domin babu kututturen da ya manta inda yake, babu dutsen da aka gusar bai lura ba. Idonsa kuwa har misali ake da shi. Muna tafiya a bayansa sai ya tsaya cak, ya nuna mana maciji kwance cikin busasshiyar ciyawa, mu kuwa sai mun ƙura ido kafin mu gan shi. Ƙwan zabi da aka ɓoye a gindin geza ba ya wuce shi. Shi ya sa a duk tsawon rayuwarsa babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa akwai wani abu a idon Rabo.

Innarmu, Nana Hadiza, 'yar Rawayau ce ta ƙasar Kurfi. Tana da wata ɗabi'a da matan ƙauyenmu suka daɗe suna yi mata tsiya a kai. Duk ranar tsinkar tattasai ko tumatir, sai ta yafa mayafi ta bi Baba lambu. Sauran ayyukan nasa ne: shi ke yin fangali, shi ke dashe, shi ke ban ruwa, tun zamanin jigo har aka zo ga inji. Amma tsinka da warewa nata ne, ita da matan da take ɗauka aiki. Baba sai dai ya ɗauki kwandon da ta cika ya kai bakin hanya. Mata sukan ce, "Hadiza, ko tsoro kike kada a sace miki shi?" Sai ta yi dariya ta ce, "To, ku ma ku tsare naku."

A gida ma haka. Kullum da safe ita ke fito masa da riga, ta ɗora hular da za ta dace a kai. In zai sayo atamfa ta Sallah, sai ta gaya masa shagon wane zai je, ya ce a ba shi irin wadda Nana Hadiza ta gani a jikin wance. Mu yara mun ɗauka iko ne irin na matar da ta san mijinta na sonta. Shekara arba'in da uku suna haka.

Inna ta rasu a shekarar 2015, bayan Babbar Sallah, ciwon kwana tara. Ranin da ya biyo baya Baba ya ce ba ya son mata a lambu, zai yi tsinkarsa da kansa.

Kwandunan farko da ya kai kasuwa dillali ya dawo masa da su, ya ce an gauraya ja da ɗanye kamar wanda ya tsinka ido rufe. Yayana Tukur ya leƙa lambun, ya tarar da jajayen tattasai sun nuna har sun ruɓe a jikin uwa, a layin da Baba ya ce ya gama tsinkewa. Ranar wata Juma'a kuma ya fito da koriyar riga da jar hular da aka yi wa wani jikansa ɗinki, mutane suka yi ta satar kallo. Tukur ya kira ni a waya ya ce, "Saude, ki zo ki ga tsohon nan. Tun da Inna ta tafi ba daidai yake ba."

Abin da ya kai mu maƙura shi ne magani. Baba yana da hawan jini, an ba shi ƙwayoyi iri biyu, girmansu ɗaya. Ni na karɓo masa, ni na zuba su a gwangwani ɗaya don kada ya wahala da ɓare takarda, na ce masa, "Baba, ja da safe, kore da yamma." Ya ce to. Bayan mako biyu jiri ya kwashe shi a ƙofar masallaci bayan la'asar. Da na duba gwangwanin sai na ga an sha su ba tsari, wani iri ya kusa ƙarewa, ɗayan na nan tuli.

Na koma Dutsin-Ma na buɗe littattafai, na karanta yadda ƙwaƙwalwa ke lalacewa da tsufa, da yadda mutuwar abokin zama ke gaggauta abin. Duk abin da na karanta sai na ga kamar da Baba ake. Na dawo ƙauye da tabbaci a bakina.

Muka taru a zaure wata Asabar da hantsi: ni, da Yaya Tukur, da Baffa Mamuda ƙanin Baba, da liman. Baba na zaune a kan buzunsa. Na yi bayani da kalmomin da babu wanda zai iya musa mini. Baffa Mamuda ne kaɗai ya yi gardama.

"Ni dai jiya muka yi hira da Yaya," in ji shi, "ya lissafo mini kakanninmu har bakwai. Ruɗaɗɗe ba ya haka."

"Baffa, haka ciwon yake," na ce. "Tsohon abu yana zama, sabo ne ke zubewa. Bari ka gani."

Na shiga gida na cika faifai da tattasai, ja da kore, na kawo na ajiye a gaban Baba.

"Baba, ware mana. Ja nan, kore nan."

Ya dubi faifan, ya dube ni. Har yau ina ganin wannan kallon. Ya sa hannu ya ɗauki ɗaya ya matsa shi a hankali da yatsa, ya kai hanci, ya ajiye dama. Ya ɗauki wani ya juya shi wajen hasken ƙofa. Masu laushi da suka nuna sosai ya same su daidai. Da ya zo kan masu tauri sai abin ya rikice masa. Ya jefa ja cikin kore, kore cikin ja. Liman ya sunkuyar da kai. Baffa Mamuda ya juya fuska wajen bango. Baba bai ƙarasa ba, ya goge hannu a riga ya ce, "Ku yi yadda kuka gani."

A ranar aka miƙa wa Tukur lambun. Na tafi ina jin na ceci ubana daga wahala.

Shekara shida ya yi a dakalin ƙofar gida yana tufkar igiya. Ba wanda ya wulaƙanta shi, kuma ina ganin da wulaƙanci ne da ya fi sauƙin ganewa. An dai daina kiransa rabon iyaka. In za a ɗaura aure a dangi sai a gaya masa bayan an gama shawara. Mutane suka riƙa ɗaga murya in suna gaishe shi, kamar kurma. Ni kaina in na zo nakan ce, "Baba, ka gane ni?" Shi kuma ya ce, "Na gane ki, Saude." In kawo masa lemo da sabulu, in duba maganinsa wanda yanzu matar Tukur ke ba shi a hannu, in koma gida da kwanciyar rai.

A shekarar 2022 babban ɗana Ja'afar, yana da shekara ashirin da biyu, ya nemi shiga horon tuƙin jirgin ƙasa. Ya ci jarrabawar rubutu, aka kira shi gwajin lafiya a Kaduna. Ya dawo kwana biyu kafin ranar da muke sa ransa, ya same ni a tsakar gida ina duba takardun ɗalibai.

"Umma, sun ce ba zan iya ba."

"Me ya faru?"

"Wani littafi suka buɗe mini, kowane shafi ɗige-ɗige ne masu launi. Suka ce in karanta lambar da ke ciki. Na farko na gani. Sauran babu komai, ɗigo ne kawai. Likitar ta ce ba na bambance ja da kore, kuma mai tuƙin jirgi da fitila yake aiki."

Na ce ai ba zai yiwu ba, ni na haife shi, da na sani. Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Umma, kin manta taswirar da na shafa wa daji ruwan ƙasa kika ce ganganci ne? Tun daga nan na koyi karanta sunan launi a jikin fensir."

Na karɓi takardar likitar. Ban kai ƙarshenta ba na gane abin da ke rubuce a ciki darasina ne. Kowace shekara, zango na biyu, ina tsayawa gaban 'yan aji biyar in zana ido a allo. In nuna musu wata siririyar fata da ke shimfiɗe can bayan ƙwayar ido, mai kaurin ɓawon albasa, wadda ke cike da miliyoyin ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama haske. In ce iri biyu ne. Akwai masu siffar sanda, su ke aiki in haske ya yi ƙaranci, ba ruwansu da launi. Yara kan yi dariya su ce musu 'yan sanda, masu aikin dare. Akwai kuma masu tsini kamar kan fensir, su ne na rana, kuma kashi uku suke: wasu sun fi jin hasken da ya karkata wajen ja, wasu wajen kore, wasu wajen shuɗi. Ƙwaƙwalwa ce ke gwama saƙon ukun ta fitar da launi. In kashi ɗaya bai ginu ba tun mutum na cikin ciki, ja da kore sai su zo masa kusan abu guda, alhali ganinsa garau yake.

Daga nan in zana musu jadawalin gado. Umarnin gina na ja da na kore suna zaune kusa da juna a kan zaren gado guda, wanda mace ke da biyu, namiji ke da ɗaya. Namiji daga uwarsa yake samun nasa. Uba kuwa wannan guda ɗayan da yake da shi, shi yake ba kowace ɗiya da ya haifa. Ɗiyar takan tsira saboda tana da na biyu, amma tana iya miƙa wa ɗanta. Nakan zana kaka namiji a sama in cike shi da alli, in ja layi zuwa ɗiyarsa, in ja wani zuwa jikansa, in cike shi ma. Sau nawa na ja waɗannan layuka biyu, ban sani ba.

Akwai ma wata jimla a cikin takardar darasina da nake sa yara su kwafa. Tana cewa yawancin dabbobi masu shayarwa kashi biyu kawai suke da shi, mutum da wasu birai ne ke da uku, kuma masana na zaton na ukun ya samu ne da daɗewa lokacin da umarni ɗaya ya kwafu gida biyu, ɗayan ya ɗan sauya. Amfaninsa, in ji su, shi ne gano nunannen ɗan itace a cikin koren ganye. Da hannuna na rubuta wannan. A shekarar da na ajiye wa Baba faifan tattasai ma na koyar da shi.

Mijina, Malam Abdullatif, ya dawo ya tarar da ni zaune inda Ja'afar ya bar ni. Na gaya masa abin da ya faru, da abin da nake zato game da Baba. Ya ce, "Kada ki yanke hukunci a karo na biyu ba ki tambaye shi ba. Ki je."

Na ari irin wannan littafi a wurin wata ma'aikaciyar asibitin ido da muka yi makaranta tare. Ran Asabar na hau babur zuwa ƙauye. Na tarar da Baba a dakali, igiya a tsakanin yatsun ƙafarsa. Na gaishe shi, kuma a karo na farko cikin shekara shida ban tambaye shi ko ya gane ni ba. Na ce ina so mu shiga ciki.

Muka zauna a inuwar ɗakin Inna. Baba ya san lambobi sarai. Na buɗe shafin farko, wanda kowa ke iya gani.

"Sha biyu," in ji shi.

Na buɗe na gaba. Ya daɗe yana kallo.

"Nan ba komi. Tsakuwa ce aka watsa."

Na buɗe wani, inda ni nake ganin saba'in da huɗu.

"Ashirin da ɗaya."

Haka littafin ya ce mai irin wannan ido zai gani. Na rufe shi. Na yi niyyar yin bayani a tsanake kamar a aji, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, tun yaushe?"

Bai yi kamar bai fahimta ba.

"Tun ina yaro. In an aike mu tsinkar barkono, nawa kullum da duka yake ƙarewa. Na zaci kowa haka yake gani, su dai sun fi ni wayo."

"Inna ta sani?"

"Tun watan aurenmu. Ta ce in sawo mata koren zane. Na je Kurfi na zaɓo da kaina, ina murna. Ta buɗe, ta dube ni, ta ce wane launi ne wannan? Na ce kore. Ta ɗauko wani nata ta ce wannan fa? Na ce shi ma. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗaura wanda na kawo, ta yi wata shida tana yawo da shi. Daga nan ta ce, tsinka tawa ce, kai ka ji da ruwa. Ba mu sake tada maganar ba har ta koma ga Allah."

Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba ranar nan a zaure?"

"In ce mi, Saude? Abin ba ya da suna a wurina. In na ce ban taɓa ganin jan da kuke faɗi ba, a gaban liman, ina da shekara saba'in, ai shi ke nan na tabbatar muku." Ya dube ni. "Kuma ke ce mai karatu. Da kika faɗa, na ce ƙila abin da ke idona ne ya hau kai. Na yi shekaru ina jiran ranar da zan manta sunayenku. Kullum da asuba sai in lissafa ku, in ji ko wani ya ɓace."

Wannan ne ban shirya masa ba. Na zo da tunanin na ƙwace masa lambu, ashe har hankalinsa na sa shi ya riƙa tuhuma, shi kaɗai, shekara shida. Na durƙusa na kama ƙafarsa ina kuka ina cewa ya yafe mini. Ya ce, "Na yafe, tashi," da sauri, kamar mai kore ƙuda. Na so a ce ya ja abin, ya yi mini faɗa, ko ya ƙi kallona na kwana biyu. Bai ba ni wannan ba.

Abin da ya fi damunsa shi ne ya ji yadda abin yake. Na fara da labarin gwajin Ja'afar, ya sa na maimaita masa bayanin sau biyu. Na zana ido a ƙasa da tsinke, na zana masu sanda da masu tsini. Na gaya masa kashi biyu nasa lafiya lau suke, na ukun ne ba a gina ba tun yana cikin mahaifiyarsa, kuma ba ya ƙaruwa, ba ya hawa kai.

"Daga wajen uwa, kika ce?"

"Daga wajen uwa."

Sai ya ce, "Kawu Sabitu. Ƙanin innata. Makiyayi ne, in aka ce ya kamo jar saniya sai ya kamo wata. Har ya mutu ana ce masa wawa." Ya girgiza kai. "Allah Ya jiƙan Kawu Sabitu."

Wata akuya ta shigo tana shinshinar turmi. Ya nuna ta da haɓa ya ce ita fa? Na ce ita ma kashi biyu gare ta, haka sa, haka jaki, haka kare. Ya ce kaza fa? Na ce kaza huɗu gare ta, tana ganin abin da ni ma ba na gani. Nan ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, har da tari.

"To ashe ke ma akwai wadda ta fi ki. Kowa da abin da aka auna masa." Sai kuma fuskarsa ta canza. "Yaron nan Ja'afar, ni na ja masa ke nan."

"Ta hannuna ya bi, Baba."

"To mu biyu. Ki turo mini shi."

Mako na gaba na sake tara mutanen nan uku da Baba a wancan zauren. Na buɗe littafin a gabansu, na sa kowa ya karanta, na sa Baba ya karanta. Na ce musu abin da na faɗa shekara shida da suka wuce kuskure ne, kuma kuskuren nawa ne ni kaɗai, domin ilimin da zai hana shi yana hannuna. Baffa Mamuda bai ce ai na gaya miki ba, ya dai tashi ya fita, ya daɗe a waje kafin ya dawo. Liman ya ce zai faɗa a masallaci, kuma ya faɗa.

Yaya Tukur ne abin ya fi yi wa nauyi. Ya ce, "Saude, ke kika ce a karɓa, na karɓa. Yanzu iyalina da lambun nan suke ci. Ya kike so in yi?" Gaskiyarsa ce. Kafin in amsa Baba ya ce ba ya son lambun, gwiwoyinsa ba za su iya ba ko an ba shi. Shekarun da zai iya ɗin su ne suka wuce a dakali. Fangali takwas kawai ya nema a gefen rijiya, ya ce zai sa albasa, ita ba ta buƙatar a tambaye ta launi, ganyenta na kwantawa ka san ta yi.

Ba komai ne ya gyaru ba. Wasu har yau da ƙarfi suke gaishe shi, sun saba. Matasan da suka taso a waɗannan shekaru ba su san shi da wani abu ba sai igiya. An sake kiransa rabon iyaka sau biyu, na biyun ya ce a nemi wani, ƙafa ba ta kai shi. Ja'afar ya yi kwana goma a wurinsa, ban san abin da suka tattauna ba, ya dawo ya shiga koyon awon filaye, yanzu yana aiki a Katsina. Ni kuma duk shekara in na zo wannan darasi, sai na tsaya na sha ruwa kafin in iya ja layin nan daga kaka zuwa ɗiya.

Baba yana da shekara saba'in da tara yanzu. Watan jiya na je, farkon damina, na same shi ya kwashe albasarsa yana shanya ta a rumfa. Ya cika mini buhu rabi, ya ce in kai wa Malam Abdullatif. Muna tsaye a bakin rijiya muna jiran mai babur, sai ya ɗaga kai sama. Hadari na haɗuwa ta gabas, amma yamma tas take.

"Saude, shuɗin can fa? Yadda nake ganinsa haka kike ganinsa?"

Na ce iyakar abin da aka sani, masu kama shuɗi iri ɗaya ne a idona da nasa, ba abin da ya taɓa su.

Ya ce, "To, madalla."

Muka ɗan tsaya muna kallo. Da mai babur ya iso, Baba ya kama masa buhun suka ɗaure, ya ce mu yi sauri mu wuce mashigin rafi kafin ruwa ya sauko.